Mun je taro mun dawo, wa ya san mun je?

Shekarun baya ƙungiyarmu ta manoma ta aike ni Maraɗi wani atiliye na kwana biyu a kan kasuwancin aya da wake. Da asuba na kama mota a tashar Agiye, na sha kusan kilomita 80 a matse tsakanin buhu da ƙofa, rigata ta sha guga, takardar gayyata a aljihu. Ina shiga ɗakin taro, abin da idona ya fara nema shi ne fuskar da na sani. Na kuwa samu: mutum uku daga wajenmu, ɗaya ɗan Cadawa, biyu 'yan Gazawa, sun kama kujerun baya kusa da ƙofa. Na je na shige tsakiyarsu, hankalina ya kwanta. A nan muka yi kwana biyun. Tare muka sha shayin ƙarfe goma, tare muka ci shinkafar rana, tare muka bi layin perdiyam, muna hirar da za mu iya yi a gindin dogon yaro a gida ba tare da an ƙona ko litar mai ɗaya ba.

A jere na biyu daga gaba akwai wani Alhaji mai sayen aya da yawa, irin masu loda ta a manyan motoci. Rana ta biyu ya karɓi makirfo ya ce shi matsalarsa ɗaya ce: ba ya samun aya mai tsabta, wadda aka rairaye aka fidda ƙasa da tsakuwa, kuma in akwai ƙungiyar da za ta tara masa irinta a wuri ɗaya, zai ɗora wani abu a kan farashin kasuwa. A daidai lokacin nan ayar mutanenmu tana jibge a ɗaka tana jiran mai saye. Na kusa da ni ya zungure ni, ni ma na zungure shi. Da aka fita hutu sai ga Alhajin tsaye shi kaɗai a baranda yana duba wayarsa, tsakanina da shi bai fi taki goma ba. Na tsaya ina saƙa da warwara. In fara da Faransanci ko da Hausa? In ya tambaye ni buhu nawa gare mu fa, alhali ban san adadin ba? In ya ɗauka maula na zo yi? Kafin in gama shawara da zuciyata aka tafa hannu aka ce a koma ciki. Da la'asar ya shiga motarsa ya tafi. Bayan wata guda muka sayar da ayarmu ga masu bin ƙauyuka da tiya, a kuɗin da suka ga dama.

Da na dawo gida na je gaida tsohon da ke shugabantar ƙungiyar. Ya ce, "To ɗana, me ka zo mana da shi?" Na miƙa masa jakar da aka raba mana, da littafin rubutu da bik a ciki. Ya jujjuya ta ya ajiye. Ya ce, "Wa ka gani a can?" Na shiga lissafa masa manyan da suka yi jawabi. Ya girgiza kai. "Ba shi nike tambaya ba. Wa ya gan ka?"

Na daɗe ina juya tambayar nan, don na gane ba ni kaɗai ta kama ba. Yankinmu ba baƙon taro ba ne. Tun shekarun 1990 asusun FIDA yake da ayyukan raya karkara a Agiye, tun Gazawa tana ƙarƙashinta, kafin a ba ta gundumarta a 2011. Foroje PPILDA ya fara aiki a 2005, PASADEM ya biyo baya a 2012 ya faɗaɗa zuwa wasu sassan jihar Maraɗi har da Gidan Rumji, sannan ProDAF ya ɗora daga 2015. Wannan ban da ƙungiyoyin agaji da suka cika jihar bayan yunwar 2005. Kowane da nasa atiliye, da nasa horo, da bikin buɗewa da na rufewa. Allah kaɗai ya san yawan takardun sa hannu da sunayenmu suka hau a shekarun nan. Amma ka tari wanda ya fi kowa zuwa taro a garinku, ka ce ya buɗe wayarsa ya nuna maka mutum biyar da ya samu a tarurrukan nan, waɗanda in ya kira su yau za su gane muryarsa. Yawanci sai ka ga yana sosa ƙeya. 'Yan boko suna kiran abin nan rezo, kalmar da muke faɗa in waya ta ƙi kamawa, kuma sunan ya dace da halinmu: ga waya a hannu, ga caji, ga kuɗi a ciki, amma ba ta haɗa ka da kowa ba.

In ka tambaye mu dalili, amsa ɗaya ce: kunya. Ina so mu ɗan tsaya a kan kalmar nan, don muna ɗora mata kayan da ba nata ba. Kunyar da aka yi mana tarbiyya da ita, wadda ta hana yaro katse babba, ta hana shi zama kafin a ce ya zauna, ta sa ya rusuna in zai gaida sa'an ubansa, ba ni da rigima da ita, ba na kuma fatan ranar da za ta bar mu. Sai dai wannan kunyar ba ta taɓa hana gaisuwa ba, ita ce ma take tilasta ta. Yaron da ya wuce babba bai gaishe shi ba, a garinmu mara tarbiyya ake ce masa, ba wanda zai ce kunya gare shi. Abin da ya riƙe ƙafata a barandar nan tsoro ne, na sa masa rigar kunya don ya yi kyan gani. Tsoron kada Faransancina na lakwal ya karye a tsakiyar magana. Tsoron a ga takalmina kusa da nasa. Tsoron abokan zamana su ce wane ya je neman shiga. Sai babban cikinsu, tsoron a ɗauke ni maroƙi. Shi wannan yana da tushe, don duk mun ga yadda wasu suke tare manya a bakin ƙofa da takardar likita ko labarin haihuwa, har manyan suka koyi fita da waya a kunne ko ba wanda ya kira su.

Abin da ya fi ba ni haushi, tunkarar baƙo sana'ar gidanmu ce. Kakanninmu fatake sun yi ta tafiyar watanni daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, su kai kanwa da tufafi da fatu, su ɗauko goro a kasuwar Salaga. Hanyar ta ratsa ƙasashen da ba Hausa ake yi ba. A zango bayan zango madugu sai ya je gaban sarkin wurin, ya yi gaisuwa, ya faɗi inda ayarin ya fito da abin da ya ɗauko, a daidaita kan kuɗin wucewa. In an isa, akwai mai masaukin da zai sauke ka, ya ajiye kayanka, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in ciniki ya kai ga bashi. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 yana bayanin yadda shanun Arewa suke canja hannu a kan bashi, jinginar kawai maganar mai gida ce da sanin da ya yi wa mai saye. Nan gida kuma Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yadda da yawa cikinsu suka taso daga yaran wani uban gida tun zamanin cinikin gyaɗa, da yadda ba da kuɗinsa kaɗai ake auna ɗan kasuwa ba, har da arzikin mutane, wato yawan waɗanda zai aika su je, ya kira su amsa. Kalmar tamu ce, shi dai ya ji ta a bakin mutanen Maraɗi ya rubuta.

Abin da ya raba falke da maroƙi shi ne falke ba ya shiga gari hannu rabbana. Ya san abin da ke kan jakinsa, ya san nauyinsa da darajarsa, shi ya sa yake iya tsayawa gaban sarki ƙafarsa ba ta rawa. To mu me muke ɗauke da shi in mun shiga ɗakin taro? A nan ne nake ganin mun fi cutar kanmu, don mun saba da ɗaukar kanmu masu karɓa har mun manta da abin da ke hannunmu.

Ku dubi Ɗan Saga, nan arewa da Agiye. Bayan fari da yunwar 1984 gonakin yankin sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu sau uku kafin ta kama. Sai mutane suka daina tumɓuke kututture da tohon da ke fitowa daga jikinsa, suka riƙa zaɓen reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya zauna a Maraɗi, ya yi ta yaɗa dabarar tun 1983, har aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a kanta a 2018. Amma hannun da ya riƙe adda na manoma ne. A Ɗan Saga mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da makiyaya a ciki. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar, gawo da kalgo da sabara sun dawo gona, kuma baƙi daga ƙasashe daban-daban suna zuwa su tsaya cikin rana da littafi a hannu suna yi wa manomi tambaya. Mutumin da masu digiri suke hawo jirgi su zo koyo a wurinsa, shi ne in an kai shi otel a Maraɗi yake laluben kujerar baya.

Haka buhun nan mai riɓi uku da muke adana wake a ciki ba tare da magani ba, wanda ake kira PICS. Masu bincike na INRAN a Maraɗi suna cikin waɗanda suka yi aikinsa tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, amma a ƙauyuka irin namu aka ɗaure buhu a gaban jama'a, aka kwance bayan watanni kowa ya ga ƙwaro bai ci ba. Ba don manoma sun ba da wakensu da idonsu ba, da abin ya tsaya a ɗakin gwaji. Mai binciken iri yana neman gonar da zai gwada irinsa, da manomin da zai faɗa masa gaskiya in bai yi kyau ba. Ɗan kasuwa yana neman kaya mai tsabta da mai cika alkawari, don ayar da muke tonowa har Sipaniya ake kai ta, ana yin wani abin sha da ita irin kunun ayarmu, kuma can ba a sayen tsakuwa. Jami'in foroje yana neman ƙungiyar da take raye a ƙasa, don shi ma akwai na sama da shi da ke tambayarsa sakamako. Kowane cikinsu da buƙata ya shigo ɗakin nan kamar yadda ka shigo da taka.

Tun daga ranar da tsoho ya yi mini tambayar nan na canja yadda nake zuwa taro, kuma ba wani asiri a ciki. Kafin in tafi sai na zauna da ma'aji da magatakarda na san lissafinmu: mambobi nawa, mata nawa a ciki, buhu nawa muke sa rai, a wane wata za su kammala. In rubuta a bayan takardar gayyatar. Sai in kira wanda ya gayyace mu in tambaye shi su wa za su zo, tambayar da ba a taɓa hana ni amsarta ba, mu ne dai ba mu saba yin ta ba. Cikin sunayen in ware biyu, in ya yi yawa uku. Ba na zuwa da niyyar gaisawa da ɗaki duka, wannan aikin ɗan takara ne lokacin kamfe.

A mota nake sallamar 'yan garinmu, in ce sai mun haɗu a tasha. Da farko sun ji haushi, wani har ya ce na fara ɗaga kai. Yanzu mun mai da shi tsari: kowa ya zauna a nasa ɓangaren ɗakin, a hanyar dawowa mu haɗa abin da muka samo. Wurin da na fi samun mutane kuwa shi ne wajen alwala da inda ake sa takalma bayan azahar, don a nan darakta da manomi duk ƙafarsu a ƙasa take, ba tebur tsakaninsu.

Maganar kanta gajeriya ce. Sallama, gaisuwa ɗaya ko biyu, ban da irin ta gida da ake tambayar har lafiyar awaki, don mutumin minti goma gare shi kuma shayinsa yana hucewa. Sai in ce, "Ranka ya daɗe, sunana wane, daga Agiye, ƙungiyarmu tana noman aya da wake. Na ji abin da ka faɗa ɗazu. Mu ga yadda muke yi, amma ban sani ba ko ya kai yadda kake so. Kai yaya kake gane mai kyau?" Daga nan in kama bakina. Yin shirun nan ya fi komai yi mini wuya da farko, don mai fargaba surutu yake yi, amma ban taɓa ganin mutumin da ya ƙi a tambaye shi abin da ya sani ba. A haɗuwar farko ba na neman kuɗi, ba na neman aiki, ba na miƙa takardar neman tallafi. Abin da nake nema kawai in na kira shi jibi ya tuna fuskata.

Batun harshe kuwa, na huta da shi. Da Hausa nake farawa. Tun watan Maris na 2025 kundin da ake tafiyar da ƙasa da shi ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. Ko kafin wannan ma, wane ɗan kasuwa ne a Maraɗi yake ciniki da Faransanci? In baƙon bai jin Hausa, karyayyen Faransancina ya isa ya kai lissafin buhu, in ya gaza in jawo wani ya fassara. Kuma e, akwai masu yarfa mutum. Wani ya taɓa amsa gaisuwata idonsa a kan waya, ya ce in bi ta sakatariyarsa, ya juya. Na ji zafin abin har cikin mota. Washegari na tarar da gonata tana nan inda na bar ta.

Inda yawancinmu muke zubar da abin da muka tara shi ne bayan an tashi. Mun karɓi lamba, mun ajiye ta da sunan "Alhaji Taro" cikin wasu Alhazai Taro huɗu, shi ke nan. Zumunci a ƙafa yake, yanzu har a yatsa. Kafin kwana uku ina aika saƙon murya ta WhatsApp: sunana, garinmu, inda muka haɗu, abin da muka tattauna. In maganar kaya ce in ɗauki hotonsu a tafin hannu in tura. In na ce zan aika samfuri, ko tiya ɗaya ce sai na ba direba a tasha a ranar da na faɗa. Mutum ɗaya in ya saɓa alkawari, ɗan kasuwa ba sunansa yake riƙewa ba, sunan garin yake riƙewa, kuma na bayansa ne za su biya.

Duk abin da na faɗa, ga mace wuyarsa ta ninka, ƙarya ne mu yi kamar ba mu sani ba. Namiji in ya tunkari darakta a ce yana da himma. Mace in ta yi, kafin ta koma kujerarta an fara ƙus-ƙus, kuma maganar tana iya riga ta isa gida. Akwai kuma mazan da in mace ta ba su lamba don maganar man gyaɗa, sai su kira ta ƙarfe sha ɗaya na dare. Kowane irin wannan kira yana sa wani maigida ya hana matarsa zuwa taro na gaba, kuma mu maza da muke jin labarin mu yi shiru muna da hannu a ciki. Duk da haka, wadda ta fi kowa iya tunkarar mutum a cikin waɗanda na gani mace ce, wata uwa daga wajen Gidan Rumji, shugabar mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba ta yi lakwal ba. A asusun Mata Masu Dubara ta goge, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991, wanda yanzu ake kwaikwaya a ƙasashe da yawa. Macen da ta yi shekaru tana tsayawa gaban 'yan uwanta kowane sati tana faɗin abin da ya shiga akwati da abin da ya fita, lissafi ba ya ba ta tsoro. Ta kama hannun ma'ajiyarsu, su biyu, suka nufi wani jami'i da ya gama jawabi a kan sarrafa amfanin gona. Ta ce, "Ɗana, sannu da aiki. Mun ji abin da kac ce. Mu ga abin da munka iya." Ta fiddo kwalbar mai daga jaka ta ɗora masa a hannu. "Duba shi da kyau. Abin da ya rage muna shi na takardar da za ta sa a amshe shi a kanti. Wa za mu gani?" Ba ta ce a ba ta komai ba. Lambar da ta bayar kuwa ta wayar ƙungiya ce.

Na san akwai 'yan uwa cikin gwagwarmayar farar hula da za su ce: to malam, wannan ba ita ce sanayyar da muke yaƙa ba? Ba mu ne muke kuka cewa sai wanda ya san wani yake samun aiki, yake samun kwangila, yake shiga jerin masu karɓar taki ba? Tambayar gaskiya ce, ban raina ta ba, don iyakar da ke tsakanin abubuwan biyu siririya ce, na kuma ga waɗanda suka tsallake ta ba su ankara ba. Ga yadda nake auna kaina. In abin da muka tattauna da mutumin nan zan iya maimaita shi yadda yake a gaban taron ƙungiya, hulɗa ce. In sai na rage murya ko na ɓoye wani sashe, na shiga wani abu dabam. In lambar da na samo ta shiga littafin ƙungiya kowa ya iya amfani da ita, aiken da aka yi mini na isar. In ta tsaya a wayata ni kaɗai, har 'yan uwana sai sun bi ta kaina kafin su kai gare shi, to na zama sabon mai tiya, sai dai ni da rigar ƙungiya. Ku kuma lura, zamanmu a kujerar baya bai taɓa rage sanayya ko kaɗan ba. Ya dai bar fili ga 'yan tsirarun da suka riga suka san ƙofa, su ne kullum a gaba suna magana da sunan manoman da ba su aike su ba.

Masu shirya taro su ma da nasu kason laifin. Manyan baƙi su zo a makare, a yi jawabin buɗewa, a ɗauki hoto, su tafi da 'yan rakiyarsu kafin manomi ya buɗe baki. Jawabai su zarce lokaci, sai a ce a sha shayi a zaune, ɗan hutun da ya rage kuma a cinye shi a layin perdiyam. A yi awa huɗu da Faransanci, sannan a ce wani ya taƙaita da Hausa cikin minti biyar. Takardar da muka cika da suna da gari da lamba ta tafi Yamai cikin rahoto, mu da muka cika ta ba mu sake ganinta ba. Gyaran waɗannan ba ya cin ko dala. A bar hutu ya zama hutu, a biya perdiyam bayan an tashi, a ba kowa minti ɗaya ya faɗi sunansa da abin da yake yi, a raba lambobin waɗanda suka yarda a raba. Mu ma ƙungiyoyi mu daina tura fuska ɗaya kowane taro har mutum ya zama atiliye ce sana'arsa. A haɗa shi da matashi ko mace, kuma in sun je ya kama hannunsu ya gabatar da su ga wanda ya sani. Tsarin Haɗin Gwiwa da aka kafa a kewayen kasuwanni irin na Cadawa da Gidan Rumji, inda manomi da ɗan kasuwa da mai mota da hukumar gari suke zama wuri ɗaya, ya nuna abin yana yiwuwa, in dai ba a bar kujerun sun zama gadon wasu ba.

Abin da ya sa nake tada maganar yanzu, zamanin da ake kiranmu taro har a biya mu kuɗin zuwa yana ja da baya. Bayan 26 ga Yuli 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da ayyukansu ko sun rage. Iyakar Najeriya da cinikinmu ya dogara da ita an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta a 2023 har zuwa Maris 2024. A watannin nan kowa ya ga bambancin mai abokin ciniki ɗaya da mai uku, da bambancin wanda zai kira Jibiya ko Dawanau ya ji farashi kafin ya buɗe rumbu da wanda sai abin da mai tiya ya faɗa masa. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Ranar da jirgin ya fara tafiya, ba zai tsaya yana tambayar wa ke da aya a Gangara ba. Taro kuma ba sai na otel ba. Baje kolin SAHEL da RECA take shiryawa a Yamai taro ne, ranar kasuwa taro ce, ɗaurin aure da suna ma haka. Cibiyar INRAN da ke Tarna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna nan Maraɗi, kuɗin mota ne kawai tsakaninmu da su.

Alhajin nan na sake ganinsa bara a kasuwar Cadawa, yana tsaye ana auna masa kaya. Wannan karon ban tsaya shawara ba. Na yi sallama, na faɗi sunana da garinmu, na kwashe labarin barandar nan tun daga farko na ba shi. Ya yi dariya har ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Kai ɗan nan! Ai ranar nan da gangan na tsaya waje ina jiran wani ya zo. Ba wanda ya zo sai mai neman kuɗin mota." Ya ce tun shekarar ya samu wata ƙungiya a wani gari, da su yake aiki, ba kuma zai bar su ba don ba su taɓa saɓa masa ba. Amma ya karɓi wayata ya sa lambarsa da hannunsa, ya ce in kira shi in an tone ayar bana, bayan na san adadin buhunan da idona. Jiya na gama zagayen ƙauye huɗu, saura biyu, littafin yana aljihuna.